Dala Biyar a Yini: Nazarin Abin da Ya Faru a Masana'antar Ford Daga 1913 Zuwa 1941

A shekarar 1913, kamfanin ƙera motoci na Ford ya ɗauki mutum fiye da 50,000 aiki a masana'antarsa da ke Highland Park, a gefen birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka, alhali guraben aikin da ake son cikewa ba su wuce 14,000 ba. Abin da ya jawo wannan ɗiba shi ne, kamfanin ya zama tamkar mai zuba ruwa a tulun da ya huje, domin duk yawan waɗanda aka ɗauka da safe, kusan adadinsu ne ke ajiye kayan aiki su kama gabansu. Lissafin wannan shekara ya nuna cewa yawan masu barin aiki ya kai kashi 370 cikin ɗari, wato kowane gurbi guda sai da aka cike shi kusan sau huɗu kafin shekara ta zagayo. Ban da masu tafiya gaba ɗaya, a kowace rana mutum ɗaya cikin goma yakan yi fashin aiki, lamarin da ya tilasta wa kamfanin riƙe ɗaruruwan ma'aikata na ko-ta-kwana don kada layin aiki ya tsaya. A ƙarshen shekarar, da shugabanni suka yanke shawarar ba da kyautar kuɗi ga duk wanda ya shekara uku yana aiki da su, mutum 640 kacal aka samu sun cika wannan sharaɗi.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a zauna a nazarce shi shi ne, ya faru ne a lokacin da kamfanin ke kan ganiyarsa. Motar Model T, wadda ta fito a watan Oktoban 1908, tana samun kasuwa fiye da yadda ake iya ƙera ta. Masana'antar Highland Park da aka buɗe a 1910, wadda mai zanen gine-gine Albert Kahn ya tsara, tana da manyan tagogin gilashi da haske da iska fiye da yawancin masana'antun zamanin. Ladan da ake biya kuma bai gaza na sauran kamfanonin motoci na Detroit ba. Duk da haka mutane na gudu. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilan wannan tsami suna cikin masana'antar kanta.

Dalili na farko shi ne yadda aikin ya sauya kama. A cikin shekarar 1913 ne injiniyoyin Ford suka fara gwada layin harhaɗa kaya mai tafiya, inda ma'aikaci zai tsaya wuri guda, aikin ya zo ya same shi, ya yi abin da aka ɗora masa, aikin ya wuce zuwa na gaba. An fara da na'urar da ke ba inji wuta, wadda a da mutum ɗaya ke harhaɗa ta daga farko har ƙarshe cikin kimanin minti 20. Da aka yayyanka aikin gida 29, kowane mutum da nasa ɗan guntu, lokacin ya sauko zuwa minti 13, daga baya kuma zuwa minti 5. Da aka kai tsarin ga harhaɗa ƙashin motar baki ɗaya, aikin da ke cin awa goma sha biyu da rabi ya koma minti 93 a farkon 1914. A wajen kamfani wannan gagarumar nasara ce. A wajen ma'aikaci kuwa, mutumin da a da yake iya nuna abu ya ce ni na haɗa wannan, yanzu ya koma ɗaure noti guda, ko guda biyu, sau ɗaruruwa a yini, tsawon awa tara, ba shi da ikon rage sauri ko ƙarawa, domin sarƙar da ke jan aikin ita ke yi masa kiɗa. Gwanintar da makaniki ya ɓata shekaru yana koya ta zama ba a bukatarta, tun da da yawa daga cikin ayyukan ana iya koya wa sabon shiga su cikin yini ɗaya ko biyu. Wanda aka koya wa aiki cikin yini guda ya san cewa cikin yini guda za a iya maye gurbinsa, shi ma kuma ba ya jin akwai abin da zai rasa idan ya tafi.

Dalili na biyu, wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana ba da wannan labari, shi ne ikon heluma, wato shugaban da ke tsaye a kan ma'aikatan kowane sashe. A wancan lokaci heluma shi ne wuƙa shi ne nama a sashensa: shi ke cewa a ƙara wa wane lada, shi ke korar wanda ya ga dama, kuma babu inda ma'aikaci zai kai kuka. Matakan lada a masana'antar sun kai 69, ta yadda mutum biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna aiki iri ɗaya amma ladansu ya bambanta, ba don komai ba sai don ɗaya ya fi shiga ran heluma. Yawancin ma'aikatan kuma baƙi ne 'yan ci-rani daga ƙasashen Turai irin su Folan da Rasha da Italiya da Hungari da Romaniya, da dama ba sa jin Turanci, saboda haka tsawa da nuni da hannu suka zama harshen ba da umarni. Alƙaluman watan Maris na 1913 sun bayyana yadda mutane ke tafiya: cikin fiye da mutum 7,000 da suka rabu da kamfanin a wannan wata, kusan kashi 70 cikin ɗari ba korarsu aka yi ba, ba su kuma yi sallama ba, daina zuwa kawai suka yi, bayan kwana biyar aka soke sunansu. Mutumin da ya tafi bai ko waiwayo ya ce sai wata rana ba, ya nuna ke nan babu abin da ya ɗaure shi da wurin. Ga shi kuma Detroit cike take da masana'antu masu neman hannu, ga 'yan gwagwarmayar ƙwadago sun fara shigowa gari, har sun jagoranci yajin aiki a kamfanin Studebaker a watan Yunin wannan shekara.

Gyaran farko ya zo ne a watan Oktoban 1913, ta hannun John R. Lee, wanda aka ɗora wa alhakin kula da sha'anin ma'aikata. Lee ya bi sassan masana'antar yana tambayar abin da ke damun mutane, kuma abin da ya tattaro ya haɗa da tsawon lokacin aiki, da ƙarancin lada, da munin gidajen da ma'aikata ke kwana, da kuma yadda heluma ke mu'amala da na ƙasa da shi. A kan haka aka ƙara lada da fiye da kashi goma cikin ɗari, aka rage matakan nan 69 zuwa takwas, aka tsara yadda ma'aikaci zai riƙa hawa daga mataki zuwa mataki gwargwadon ƙwarewarsa ba tare da jiran alfarmar kowa ba. Mafi muhimmanci a ganina, an karɓe ikon kora daga hannun heluma an mayar da shi ofishin ɗaukar ma'aikata. Heluma na iya cewa ba ya son wane a sashensa, amma sai dai a tura mutumin ofis a saurari nasa ɓangaren, sau da yawa kuma a sauya masa wani sashe. Wannan gyara bai yi amo a jaridu ba, domin babu wani adadi mai ɗaukar ido a cikinsa, amma yawan masu barin aiki ya fara raguwa tun kafin babban labarin ya zo.

Babban labarin ya zo ranar 5 ga Janairun 1914, lokacin da Henry Ford da abokin kasuwancinsa James Couzens suka kira 'yan jarida suka sanar da cewa daga ranar 12 ga wata, mafi ƙarancin abin da ma'aikaci zai samu a yini zai tashi daga dala 2.34 zuwa dala 5, lokacin aiki kuma zai ragu daga awa tara zuwa awa takwas. Rage awar ya ba kamfanin damar raba yini gida uku maimakon biyu, injuna su yi ta aiki dare da rana. An ware dala miliyan goma don wannan shiri a shekarar farko. Kashegarin sanarwar, mutum kusan 10,000 suka yi dafifi a ƙofar masana'antar suna neman aiki, wasu kuma suka kamo hanya daga jihohi masu nisa. A ranar 12 ga wata cunkoson ya rikiɗe ya zama hargitsi, har aka buɗe wa taron ruwa da mesar kashe gobara a cikin sanyin hunturu mai daskarar da tufa a jiki. Manyan 'yan kasuwa da yawa sun yi tir da matakin, jaridar Wall Street Journal ma ta zargi Ford da shigar da koyarwar addini a fagen da ba nata ba.

Sai dai dala biyar ɗin ba lada ba ce zalla, kuma a nan ne lamarin ya fi bukatar a duba shi da kyau. An raba kuɗin gida biyu: ladan aiki ya tsaya a inda yake, abin da aka ɗora a kai kuma aka kira shi rabon riba, wanda kamfani ke bayarwa bisa sharaɗi kuma yana iya riƙewa. Kafin mutum ya cancanta sai ya yi wata shida yana aiki. Idan magidanci ne, sai an tabbatar yana zaune da iyalinsa yana kuma ɗaukar nauyinsu. Idan gwauro ne, sai ya haura shekara 22 kuma an shaida yana da tattali, in kuwa bai kai ba, sai in akwai waɗanda yake ciyarwa. Mata ba su shiga shirin ba sai wadda ke riƙe da iyali, kuma sai a watan Oktoban 1916 aka shigar da sauran. Don tantance waɗannan sharuɗɗa kamfanin ya kafa wani sashe na binciken rayuwar ma'aikata, wanda jami'ansa ke zuwa gidajen mutane tare da tafinta, su duba tsaftar ɗaki, su nemi ganin takardar aure da littafin ajiyar banki, su tambayi maƙwabta ko maigidan na shan giya ko yin caca, su kuma hana tara 'yan haya a gida, alhali da kuɗin hayar ne iyalai da yawa na baƙi ke cike giɓin cefane. Wanda aka samu da gazawa sai a riƙe rabonsa, a ba shi wata shida ya gyara, in bai gyara ba a sallame shi. An kuma buɗe makarantar koyon Turanci ga baƙi, wadda a bikin yaye ɗalibanta suke shiga wata ƙatuwar tukunya ta kwaikwayo sanye da tufafin ƙasashensu, su fito ta ɗaya gefen cikin kwat suna riƙe da tutar Amurka.

Ba daidai ba ne a ce wannan sashe bai amfani kowa ba. Ya taimaka wa iyalai da dama sun fita daga ɗakunan cunkoso, ya ba da shawarar lauya kyauta ga masu sayen gida don kada dillalai su cuce su, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'aikata sun cancanci rabon. Limamin coci Samuel Marquis, wanda ya karɓi ragamar sashen a 1915, ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin da aka nema a nan ya wuce ƙofar masana'anta ya shiga har ɗakin kwanan mutum. Magidancin da sai ya buɗe wa baƙo littafin bankinsa, ya kuma bari a yi wa matarsa tambayoyi kafin ya karɓi rabin abin da yake samu, an biya shi da kyau, amma an taɓa masa mutunci, kuma ina ganin wannan tabo bai taɓa gogewa daga zukatan ma'aikatan ba.

Ta fuskar alƙaluma, sakamakon ya ba da mamaki. Yawan masu barin aiki ya faɗo daga kashi 370 a 1913 zuwa kashi 54 a 1914, sannan zuwa kashi 16 a 1915. Fashin aiki ya sauko daga kashi goma zuwa kashi biyu da rabi. Ribar kamfanin ta kai kusan dala miliyan 60 a shekarar kuɗi ta 1916, a daidai lokacin da aka rage farashin motar daga dala 440 zuwa dala 360. Ford da kansa ya faɗa daga baya cewa biyan dala biyar na daga cikin matakan rage kashe kuɗi mafi kyau da suka taɓa ɗauka. A 1987 masana tattalin arziki biyu, Daniel Raff da Lawrence Summers, sun sake bin bayanan wancan lokaci, suka kammala da cewa lamarin ya yi daidai da ra'ayin da ke cewa biyan ma'aikaci sama da abin da kasuwa ke biya na iya mayar da kuɗinsa, ta hanyar ƙarin himma da raguwar asarar da sauya ma'aikata ke jawowa.

Duk da haka, mai nazari bai kamata ya jingina dukan wannan sauyi ga dala biyar kaɗai ba. Abubuwa huɗu ne suka haɗu cikin 'yan watanni: an ƙara kuɗi, an rage awa guda daga yinin aiki, an daƙile ikon heluma, sannan tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya daga ƙarshen 1913 zuwa 1914, har aiki ya yi wuya a Detroit. Ma'aikacin da ke fitowa daga aiki ya ga dubban mutane tsaye cikin sanyi suna jiran gurbinsa, ba ya bukatar heluma ya yi masa tsawa kafin ya ƙara sauri. Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan nazari, wato ko mutanen da suka daina tafiya sun zauna ne don sun gamsu, ko kuwa don tafiyar ta yi musu tsada.

Akwai wata wasiƙa da matar wani ma'aikaci ta aika wa Henry Ford a ƙarshen watan Janairun 1914, wadda har yau tana nan a ajiye. A ciki ta shaida masa cewa dala biyar albarka ce da ta fi yadda yake zato, amma ta kwatanta sarƙar layin aikin da mai gallaza wa bayi, ta ce mijinta yakan dawo gida ya zube, ko abincin dare ba ya iya ci saboda gajiya, ta kuma roƙe shi ya duba ko akwai gyara. Wannan mata ta faɗi abin da jadawalin ofis bai iya nunawa ba. Kuɗin ya toshe ƙofar fita, amma aikin da ya sa mutane gudu a 1913 yana nan yadda yake, saurin sarƙar ma ƙaruwa ya yi. Shekaru 45 bayan haka, a 1959, masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg ya fitar da sakamakon tambayoyin da ya yi wa injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, inda ya raba abubuwan da ke hana ma'aikaci ƙorafi, kamar albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba, da abubuwan da ke sa shi son aikin, kamar ganin amfanin abin da ya yi, da yaba masa, da ba shi amana. An yi ta muhawara a kan wannan rabe-rabe, amma ya dace da Highland Park ƙwarai, domin kamfanin ya zuba kuɗi mai yawa a kashi na farko, kashi na biyu kuwa tsarin aikin ne da kansa ya kawar da shi.

Abin da aka gina a kan kuɗi kaɗai yana tsayawa ne muddin kuɗin na da daraja. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo tsadar rayuwa, farashin kaya a Amurka ya kusa ninkawa tsakanin 1914 da 1920, sauran kamfanoni kuma suka ƙara lada har suka kamo Ford. An ɗaga mafi ƙarancin lada zuwa dala shida a farkon 1919, amma wannan shida ba ta sayen abin da biyar ta saya a 1914. Da karayar kasuwa ta 1920 zuwa 1921 ta zo, aka rushe yawancin ayyukan sashen binciken, Marquis ya ajiye aiki a 1921 cikin ɓacin rai, ragama kuma ta koma hannun masu ra'ayin cewa tsoro ya fi kyautatawa fitar da aiki. A katafariyar masana'antar River Rouge da ke garin Dearborn kusa da Detroit, inda aikin ya koma, Charles Sorensen ke juya harkar ƙira, Harry Bennett kuma ya shugabanci rundunar tsaro ta kamfanin, wadda ta ƙunshi tsofaffin 'yan dambe da tsofaffin fursunoni da 'yan leƙen asiri a tsakanin ma'aikata. An hana zama, an hana hira a kan layi, har ma'aikata suka ƙware wajen magana ba tare da motsa leɓe ba. Ikon da Lee ya karɓe daga hannun heluma a 1913 ya dawo, ya ma fi na da tsanani. Gaskiya ne a 1926 kamfanin ya mayar da makon aiki kwana biyar, awa 40, kuma bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a 1929 Ford ya sanar da dala bakwai a yini, amma kafin ƙarshen 1932 ladan ya faɗo zuwa dala huɗu, an kuma sallami dubun dubatar mutane. A waɗannan shekaru ma'aikata ba sa barin aiki da kansu, domin babu inda za su, kuma duk wanda ya auna gamsuwarsu da wannan ma'auni zai yi babban kuskure.

Ranar 7 ga Maris na 1932, dubban marasa aikin yi suka yi tattaki daga Detroit zuwa ƙofar River Rouge ɗauke da bukatunsu, waɗanda suka haɗa da a mayar da su aiki, a rage saurin layi, a kuma daina leƙen asirinsu. 'Yan sandan Dearborn da masu tsaron kamfanin suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. A 1935 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, kuma a 1937 kamfanonin General Motors da Chrysler suka amince da ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW, amma Ford ya ƙi. Ranar 26 ga Mayun wannan shekara, mutanen Bennett suka lakaɗa wa Walter Reuther da Richard Frankensteen da wasu jami'an ƙungiyar duka a kan wata gadar ƙafa da ke ƙofar masana'antar, a gaban masu ɗaukar hoto, hotunan kuma suka bazu a jaridun ƙasar.

A farkon Afrilun 1941, bayan korar wasu 'yan ƙungiya takwas, ma'aikatan River Rouge suka ajiye aiki, suka tare hanyoyin shiga masana'antar da motocinsu, yajin ya ɗauki kwana goma. A ƙuri'ar da hukumar ƙwadago ta ƙasa ta gudanar a watan Mayu, kusan kashi 70 cikin ɗari suka zaɓi UAW, waɗanda suka ce ba sa son kowace ƙungiya kuwa ba su kai kashi uku ba. Ranar 20 ga Yunin 1941 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya. Ta daidaita lada da mafi girman abin da ake biya a sauran kamfanonin motoci, ta sa a riƙa la'akari da daɗewar mutum a aiki wajen sallama da mayarwa, ta kuma kafa hanyar da ma'aikaci zai kai ƙorafinsa ta hannun wakilin da shi da abokan aikinsa suka zaɓa, a saurare shi mataki bayan mataki kafin a yanke masa hukunci.